Diyyar yaƙin da aka ɗora wa Jamus a 1919: zalunci ne ko taurin bashi?

Abban_Nana:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga malaman tarihinmu. Duk inda ake hirar yaƙin duniya na biyu sai ka ji an ce ai diyyar da aka ƙaƙaba wa Jamus a yarjejeniyar Versailles ta 1919 ita ta haifi Hitler, wai an ɗora musu kuɗin da ko jikokinsu ba za su iya biya ba. To kuma akwai masu cewa sam ba haka ba ne, Jamus na da halin biya taurin bashi ne kawai, kuma waɗanda suka ci yaƙin ne suka kasa tsayawa su karɓi haƙƙinsu. Wanne ne gaskiya dan Allah? A yi mana bayani yadda irinmu za mu gane.

Dan_Kwari:
Wa'alaikumussalam. Abban Nana wannan ai ba abin muhawara ba ne, zalunci ne tsagwaronsa. Mak, wato kuɗin Jamus, biliyan 132 na zinari fa aka yanka musu. Ƙasar da ta fito daga yaƙin shekara huɗu mutanenta na fama da yunwa, an karɓe mata Alsace da Lorraine, an miƙa wa Faransa mahaƙan kwal na Saar, an kwashe manyan jiragen ruwanta na dakon kaya, an ce sojanta kar su wuce dubu 100, sannan a ce kuma ta kawo wannan uban kuɗi. Daga ina? Kuma ko zama ba a yi da su ba wajen tattaunawar, kiransu kawai aka yi aka ce ga takarda ku sa hannu ko a ci gaba da yaƙi.

Malam_Tarihi:
Alhaji Dan Kwari sannu da ƙoƙari, amma wannan biliyan 132 ɗin tana buƙatar a warware ta, don nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Da farko ita yarjejeniyar da aka sa wa hannu ran 28 ga Yuni 1919 ba ta faɗi adadin kuɗin ba kwata-kwata, saboda Clemenceau na Faransa da Lloyd George na Ingila da Wilson na Amurka sun kasa daidaitawa, sai suka kafa hukumar diyya suka ce ta yanke zuwa Mayun 1921. A Landan aka fitar da jadawalin biya a watan Mayun 1921, aka kasa kuɗin gida uku. Kashi na A biliyan 12, na B biliyan 38, na C biliyan 82. To shi wannan na C an rubuta cewa ba za a fara nemansa ba sai ranar da aka ga Jamus ta samu halin biya, kuma duk wanda ke teburin ya san ranar ba za ta zo ba. Kenan ainihin abin da ake bin Jamus biliyan 50 ne. Tsarin biyan kuma biliyan 2 duk shekara da kashi 26 cikin ɗari na darajar kayan da take fitarwa waje. Ban ce kuɗi kaɗan ba ne, da nauyi, amma ba shi ne dutsen da ake ta faɗa ba.

Ummu_Hanan:
Malam to in sun san ba za a biya 82 ɗin ba me ya sa suka rubuta ta? Wa ake yaudara?

Malam_Tarihi:
Talakawansu suke yaudara Hajiya. 'Yan siyasar Ingila da Faransa sun riga sun yi wa jama'a alkawari cewa Jamus ce za ta biya komai, Lloyd George ma da irin wannan zance ya ci zaɓen Disambar 1918. Ba za su iya dawowa gida su ce mun samo kashi ɗaya bisa uku ba. Sai aka rubuta babban adadi don jarida, ƙaramin adadi don aiki. Matsalar ita ce Bajamushe ma yana karanta jarida, shi ma 132 ɗin ya gani, 'yan adawar gwamnati suka samu abin kamfe.

Yar_Damagaram:
Ni dai ina mamakin yadda kullum ake tausayin Jamus a wannan magana. Mu nan Nijar ta ɓangaren Faransa aka karantar da mu tarihin, kuma ba wai ina ƙaunar Faransa ba ne Allah ya sani, kowa ya san tsakaninmu da su, amma gaskiya gaskiya ce. A ƙasar wa aka yi yaƙin? Arewacin Faransa da Beljiyam aka mayar kufai, can ne masana'antunsu da mahaƙan kwal ɗinsu suke, kuma da sojan Jamus za su janye sai da suka cika ramukan kwal da ruwa suka lalata injina da gangan. Faransa ta rasa soja kusan miliyan 1.4. Ita Jamus masana'antunta na nan lafiya lau ko gilashi bai fashe ba. To wa zai biya kuɗin gyara, wanda aka rusa wa gida ko wanda ya rusa? Sannan a tuna 1871, da Jamus ta ci Faransa da yaƙi faran biliyan 5 ta yanka mata kuma ta zaunar da sojanta a ƙasar har sai an biya, Faransa ta ci bashi ta biya tas zuwa 1873. Ku duba kuma abin da Jamus ta yi wa Rasha a Brest-Litovsk a Maris 1918, ƙasashe sukutum ta yanke mata. Wanda ya yi wannan shi ne zai zo yana kukan zalunci?

Dan_Kwari:
Hajiya ta Damagaram na ji ki, amma ki dube shi da idon kasuwa. Ba da takardar mak aka ce su biya ba, da zinari ko kuɗin waje ko kaya. Ta ina ƙasa ke samun kuɗin waje? Sai ta sayar wa duniya fiye da abin da take saye. To su waɗanda ke bin bashin su ne kuma ba sa son kayan Jamus su cika musu kasuwa su kashe musu masana'antu, suna ta ɗora haraji a kan iyaka. Ka ce in biya ka, ka hana ni ciniki. Abin da masanin tattalin arziki Keynes ya hango kenan ya ajiye aikinsa a tawagar Ingila tun 1919 ya koma ya rubuta littafi yana sukar abin.

Sarkin_Shakka:
Keynes ɗin nan dai da kowa ke jingina da shi, ai kafin a yanke adadin ma ya rubuta littafinsa. Ya soki kuɗin da ba a riga an faɗa ba.

Lauya_Mai_Shayi:
Ni a ganina duk kun bar inda gizo ke saƙa. Hukunci ba a takarda yake ba, a wajen zartarwa yake, kowane lauya zai faɗa maka samun hukunci daban karɓar haƙƙi daban. Yarjejeniyar Versailles an rubuta ta ne da tunanin manyan ƙasashe uku za su tsaya kafaɗa da kafaɗa su tilasta ta. Me ya faru? Majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa da ita, Amurka ba ta shiga ƙungiyar ƙasashen da Wilson da kansa ya kawo shawararta ba, ta je ta yi nata sulhun daban da Jamus a 1921. Alkawarin da Amurka da Ingila suka yi wa Faransa na kawo mata ɗauki in Jamus ta sake kai mata hari shi ma ya bi ruwa, alhali saboda wannan alkawarin Clemenceau ya haƙura da batun raba yankin Rhine daga Jamus. Kujerar Amurka a hukumar diyya ta zama ta ɗan kallo. Ingila kuma tunda jiragen yaƙin Jamus sun nutse a Scapa Flow ta arewacin Birtaniya a Yunin 1919, su Jamusawan da kansu suka nutsar da su, kuma ta samu rabonta na ƙasashen mallaka, sai ta koma son Jamus ta farfaɗo don a yi ciniki. Aka bar Faransa da Beljiyam riƙe da takarda.

Ku duba ko maganar hukunta masu laifi. An rubuta za a gurfanar da sarkin Jamus Wilhelm na biyu, ya gudu Holan, Holan ta ce ba za ta miƙa shi ba, shi kenan magana ta mutu, a can ya zauna har ya mutu a 1941. Jerin ɗaruruwan mutane da aka nema a miƙa, daga ƙarshe aka bar wa kotun Jamus a Leipzig ta yi shari'ar 'yan ƙalilan a 1921, hukuncin ma abin dariya. Tun daga nan Jamus ta gane in ta turje ana ja da baya.

Abban_Nana:
Barista wannan bayani ya shige ni. To amma ai na ji an ce Faransa ta taɓa shiga da soja don karɓar kuɗin?

Bahaushen_Essen:
Ta shiga kam, kuma a yankin da nake zaune yanzu abin ya faru. Tun Maris 1921 sun fara mamaye Düsseldorf da Duisburg don matsa lamba. Babbar kuwa ita ce ta 11 ga Janairu 1923, sojan Faransa da Beljiyam suka shigo Ruhr, nan ne zuciyar kwal da ƙarfen Jamus. Abin da zai ba ku dariya, dalilin farko da hukumar diyya ta kafa a Disambar 1922 katako ne, wai Jamus ba ta cika adadin katako da falwayoyin da aka ce ta kawo ba, sai a Janairu aka ƙara da na kwal. Wakilin Ingila ya ƙi goyon baya amma Faransa da Beljiyam da Italiya suka rinjaye shi. Poincaré ne firaministan Faransa lokacin, mutum ne mai ra'ayin riƙau, shi a ganinsa in an bari wannan ta wuce to yarjejeniyar gaba ɗaya ta tashi aiki.

Gwamnatin Cuno a Balin ta ce wa mutane kar wanda ya ba su haɗin kai, ma'aikatan jirgin ƙasa da mahaƙa da ma'aikatan gwamnati duk suka tsunduma yajin aiki. Faransa ta kori dubban ma'aikata da iyalansu daga yankin ta kawo nata masu tuƙa jirgi. A nan Essen ran 31 ga Maris 1923 sojan Faransa suka buɗe wuta a masana'antar Krupp suka kashe ma'aikata 13. Wani dattijo maƙwabcina in muna hira yakan ce a gidansu kakarsa ba ta taɓa kiran shekarar 1923 ba tare da ta girgiza kai ba, ba don sojan ba ma, don abin da ya samu kuɗin ajiyarsu.

Dan_Kwari:
Yauwa ga shi nan, abin da nake faɗa kenan. Diyya ta kashe musu kuɗi har mutum na tura baro cike da takardun kuɗi don ya sayo burodi. A 1914 dala ɗaya mak 4.2 ce, a Nuwamban 1923 dala ɗaya mak tiriliyan 4.2. Tiriliyan fa jama'a.

Malam_Tarihi:
Lissafinka daidai ne Alhaji, sababin ne muke da ja a kai. Darajar mak ta fara zubewa tun cikin yaƙi, domin Jamus ba da haraji ta yi yaƙin ba, da bashi ta yi shi, tana lissafin in ta ci nasara waɗanda ta kayar za su biya. Bayan yaƙi gwamnatoci masu rauni suka ci gaba da buga kuɗi maimakon su ɗora haraji mai nauyi. Abin da ya ƙarasa shi kuwa shi ne yajin aikin Ruhr, gwamnati ta ɗauki nauyin biyan miliyoyin mutanen da ba sa aiki, ga kuɗin shiga daga yankin ya tsaya, sai injin buga kuɗi dare da rana. Diyya na da hannu, ba na musu, musamman biliyan ɗaya ta farko da suka biya a 1921 wadda sai da suka yi ta sayar da mak don sayen kuɗin waje. Amma a lokacin da hauhawar farashin ta kai ƙololuwa kusan ba kuɗin da Jamus ke biya. Akwai ma masana da ke ganin wasu a gwamnati da manyan masu masana'antu ba su ƙi faɗuwar mak ɗin ba, don ta share musu bashin cikin gida kuma ta zama hujjar cewa ba za su iya biya ba.

Sarkin_Shakka:
Wato sun ƙona rumbunsu don kar mai bin bashi ya samu abin ɗauka.

Dan_Mubi:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, amma wannan yarjejeniya fa ta shafe mu kai tsaye mu mutanen nan. Garinmu a ƙarƙashin Jamus yake kafin yaƙin, cikin Kamaru. Kakana Allah ya ji ƙansa in yana ba da labarin da ya ji wajen mahaifinsa yakan ce zamanin Jamus, kuma ba ya faɗinsa da daɗi, bulala da aikin tilas yake tunawa. An gwabza a Garwa har ta faɗi a 1915, a dutsen Mora kuma sojan Jamus suka turje har Fabrairun 1916, kuma yawancin waɗanda suka yi faɗan ta kowane ɓangare baƙaƙen fata ne, da Hausawa a ciki. A Versailles Jamus ta sallama duk ƙasashen da ta mallaka, Ingila da Faransa suka raba Kamaru da Togo, Faransa ta ɗauki babban kaso. Ɓangaren Ingila na arewa, su Mubi da Dikwa da Gwoza da Ganye har Gembu, shi ne aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 muka zaɓi Najeriya aka kira mu lardin Sardauna. Tambayata, a duk lissafin biliyoyin nan akwai ko sisin kwabo da aka ware wa mutanen da aka yi yaƙi a gonakinsu a nan?

Lauya_Mai_Shayi:
Babu ɗan'uwa. A taron Spa na 1920 aka raba kason, Faransa kashi 52, Ingila da daularta 22, Italiya 10, Beljiyam 8, sauran ƙananan ƙawaye suka raba ragowar. Mu a lokacin kaya ne ake rabawa, ba masu karɓar rabo ba. Kuma ƙasashen mallakar da aka ƙwace ba a cire darajarsu daga bashin Jamus ba, wannan na cikin abin da Jamusawa suka yi ta ƙorafi a kai.

Yar_Damagaram:
Tunda an shigo nan bari in ƙara. Cikin sojan da Faransa ta girke a yankin Rhine bayan yaƙi akwai 'yan Afirka, daga Maroko da Aljeriya da Madagaska da Afirka ta Yamma. Jaridun Jamus suka tayar da ƙura wai an ci mutuncinsu an sa baƙar fata ya yi gadinsu, aka yi ta ƙirƙirar ƙarya a kansu. 'Ya'yan da wasu sojan suka haifa da matan Jamus kuma da 'yan Nazi suka hau mulki sai da suka bi ɗaruruwansu a 1937 suka yi musu aikin hana haihuwa na dole. Shi ya sa in ana lissafa waɗanda aka zalunta a wannan labari ni ba daga Balin nake farawa ba.

Ummu_Hanan:
Inna lillahi. Wlh ban taɓa jin wannan ba.

Abban_Nana:
Allah ya saka da alheri, an ƙaru sosai. Amma dan Allah mu dawo kan kuɗin, bayan rikicin Ruhr ya aka ƙare? Sun biya ko ba su biya ba?

Malam_Tarihi:
Stresemann ya hau shugabancin gwamnati a Agustan 1923, a ƙarshen Satumba ya janye yajin aikin don ya ga ƙasar na neman wargajewa, a Nuwamba aka fito da sabon kuɗi. A zahiri Faransa ta yi nasara, amma ita ma faran ɗinta ya fara faɗuwa tana neman rance daga bankunan Amurka, dole ta yarda a kafa kwamitin masana. Nan aka samu shirin Dawes na 1924. Aka ba Jamus rancen mak miliyan 800 yawanci daga kasuwar Amurka, biya ya fara daga biliyan 1 a shekara yana hawa zuwa biliyan 2.5, aka jinginar da kuɗin shigar jiragen ƙasa da wasu haraji, aka zaunar da wani Ba'amurke Parker Gilbert a Balin yana sa ido. Muhimmin abu kuma, aka ɗaure hannun Faransa ta yadda ba za ta sake shiga da soja ita kaɗai cikin sauƙi ba. Sojan suka bar Ruhr a 1925, aka yi yarjejeniyar zaman lafiya ta Locarno a shekarar, Jamus ta shiga ƙungiyar ƙasashe a 1926. Shekarun nan Jamus ta biya a kan lokaci.

Dan_Kwari:
Ta biya da kuɗin wa Malam? Faɗi gaskiya.

Malam_Tarihi:
Da kuɗin Amurka, ban ɓoye ba. Bankunan Amurka su ranta wa Jamus, Jamus ta biya Faransa da Ingila, su kuma su biya gwamnatin Amurka bashin yaƙin da take bin su, Ingila kaɗai sama da dala biliyan 4 ake bin ta. Amurka ta dage cewa bashinta daban diyya daban, ta ƙi yafewa, alhali Ingila ta nuna a shirye take a yafe wa juna gaba ɗaya. Amma Alhaji ka lura wannan hujjar ba taka ba ce kai kaɗai, domin rancen da ya shiga Jamus a shekarun nan ya fi abin da ta fitar na diyya, kuma daga baya yawancinsa ba a biya ba. Kenan in ka bi diddigi mai ajiya a Amurka ne ya ɗauki asarar.

Injiniya_Gusau:
Ina bin ku a hankali tun ɗazu. Ni abin da ya sa ban yarda diyya ce ta kawo Hitler ba lissafin zaɓe ne. Ya gwada juyin mulki a Munich a Nuwamban 1923 lokacin da abubuwa suka fi muni, ya sha ƙasa aka ɗaure shi. A zaɓen 1928, ana tsaka da biyan diyya, jam'iyyarsa kashi 2.6 ta samu. Sai bayan kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929 Amurkawa suka janye kuɗinsu, rashin aiki ya fara hauhawa, sannan ta samu kashi 18 a 1930, da ya kai mutum miliyan 6 ta samu 37 a Yulin 1932. Kuma a lokacin diyyar ma ta mutu. Shirin Young na 1929 ya rage ta ya shimfiɗa biya har 1988, sojan ƙawance suka bar yankin Rhine a 1930 shekara biyar kafin wa'adi, shugaban Amurka Hoover ya dakatar da biya na shekara ɗaya a 1931, a taron Lausanne na 1932 aka ce a ba da biliyan 3 a rufe littafi, ita ma ba a biya ba. Hitler ya hau a Janairun 1933. Duka-duka abin da Jamus ta biya daga farko zuwa ƙarshe wajen mak biliyan 20 ne a ƙiyasin da aka fi yarda da shi. To ya za a ce abin da aka riga aka soke shi ya ɗora shi?

Bahaushen_Essen:
Injiniya lissafinka ya yi kyau amma siyasa ba lissafi ba ce. Ba nauyin kuɗin ba ne kaɗai, ɗacin ne. Sashe na 231 na yarjejeniyar Versailles da Jamusawa suka fassara a matsayin an ce su kaɗai suka jawo yaƙin, wannan kusan kowace jam'iyya ta ƙi shi, ta dama da ta hagu. Kuma duk ɗan siyasar da ya ce a bi a hankali a cika sharuɗɗa sai a kira shi maci amana. Erzberger da ya sa hannu a tsagaita wuta an harbe shi a 1921, Rathenau ministan harkokin waje an harbe shi a 1922. Shirin Young ɗin da ka ambata kuma, kamfen ɗin adawa da shi ne ya haɗa Hitler da Hugenberg mai jaridu, ƙuri'ar raba gardamar ta faɗi a Disambar 1929 amma sunan Hitler ya shiga kowane gida. Shi kansa shugaban gwamnati Brüning ya yi ta tsuke bakin aljihu a tsakiyar matsin, kuma cikin dalilansa akwai son nuna wa duniya Jamus ba za ta iya biya ba. Ka ga diyya na nan a gindin abin ko da ba a biyanta.

Injiniya_Gusau:
Na yarda ta zama makamin kamfe. Makamin kamfe daban, sababi daban.

Sarkin_Shakka:
Ni tambayata ga masu cewa an tsananta, bayan 1945 me aka yi wa Jamus? An raba ta gida huɗu, an mamaye ta gaba ɗaya, Rasha ta kwance masana'antu ta loda a jirgi ta tafi da su, an yanke mata ƙasa ta gabas an kori miliyoyin mutane. Wannan ya ninka Versailles tsanani amma ba a sake jin ɗuriyar yaƙi ba. Kenan matsalar 1919 ba tsanani ba ne, an ji mata ciwo ne aka bar ta da ƙarfinta.

Lauya_Mai_Shayi:
Rabin gaskiya ka faɗa Sarki. An tsananta ta fuskar soja amma ta fuskar kuɗi an sassauta wa Jamus ta Yamma ƙwarai, ga tallafin Marshall na Amurka, ga yarjejeniyar bashi ta Landan a 1953 da ta yafe kusan rabin bashin kuma aka tsara biyan yadda ba zai shaƙe tattalin arzikinta ba. Bambancin shi ne wannan karon Amurka ta zauna ba ta tafi ba. A shekarun 1920 kuwa hukumar da ke duba makaman Jamus tana ta rubuta rahoton saɓa ƙa'ida ba mai karantawa, aka janye ta a 1927, sojan Jamus na can Rasha suna koyon tuƙin jirgin saman yaƙi a ɓoye bayan yarjejeniyar Rapallo da ƙasashen biyu suka ƙulla. Da Hitler ya dawo da aikin soja na dole a 1935 Ingila ma yarjejeniyar jiragen ruwa ta je ta ƙulla da shi, da ya tura soja yankin Rhine a Maris 1936 ba wanda ya motsa.

Ummu_Hanan:
Wai da gaske ne sai 2010 suka gama biya? Na taɓa gani ana yaɗawa.

Malam_Tarihi:
Da gaske ne amma ba diyyar kanta ba ce Hajiya. Kuɗin ruwa ne na rancen da aka ci ƙarƙashin shirin Dawes da Young. A 1953 aka ce wani kaso na ruwan a jinkirta shi sai ranar da Jamus ta sake haɗewa, ta haɗe a 1990, aka biya cikin shekara 20, kashi na ƙarshe wajen yuro miliyan 70 ya faɗo ran 3 ga Oktoba 2010. Masu riƙe da takardun bashin aka biya, ba gwamnatin Faransa ba.

Dan_Mubi:
Allah mai iko. Iraƙi kuwa da ta mamaye Kuwait a 1990 an cire mata dala biliyan 52.4 daga kuɗin manta har sai da ta biya tas a farkon 2022, don Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙe bututun ne, tun daga tushe ake yanka kason, da farko ma kashi 30 cikin ɗari. Haiti ita da ta ƙwaci 'yancinta Faransa ta yanka mata faran miliyan 150 a 1825 da jiragen yaƙi a bakin teku. Mai ƙaramin ƙarfi dai yana biya.

Yar_Damagaram:
Abin da nake faɗa kenan tun farko. Faransa ta iya karɓa wajen Haiti, ta kasa karɓa wajen Jamus.

Dan_Kwari:
To ai kun dawo kan maganata ba ku sani ba. In sai da soja a ƙofar gida ake iya karɓar kuɗi shekara bayan shekara har 59 ɗin da shirin Young ya shimfiɗa, wannan ba sulhu ba ne. Da tun 1919 sun yanka abin da za a iya biya cikin shekara goma, Amurka ta yafe nata, da an wuce wajen. Ni har yanzu ina kan bakana Abban Nana.

Injiniya_Gusau:
Alhaji ko biliyan 10 aka yanka musu sai sun yi kuka, don yawancinsu ba su yarda an ci su da yaƙi ba tun asali, sojansu sun dawo gida da bindigoginsu ana yi musu maraba, janar-janar ɗinsu na cewa 'yan siyasa ne suka ci amanarsu daga gida. Wanda bai yarda ya sha kaye ba wane adadi ne zai ga adalci?

Abban_Nana:
Toh fa. Malam Tarihi kai ba ka fito fili ka faɗi naka ba, sai gyara kake ta yi wa mutane.

Malam_Tarihi:
Nawa ya fi kusa da na Barista. Biliyan 50 a kan ƙasa irin Jamus abu ne da za a iya biya in akwai niyya a Balin da haɗin kai a Landan da Paris da Washinton, kuma ba ko ɗaya daga ciki. Amma Alhaji Dan Kwari na da gaskiya kan maganar haraji a kan iyaka, wannan ban da amsar da za ta gamsar da shi. Dan Mubi in kana da sauran labarin kakanka kan zamanin Jamus a Adamawa dan Allah ka buɗe mana zare daban, musamman yadda aka yi da masarautun da iyakar ta raba biyu.